Wasiƙa: Waɗanda ke harbi don kare mu, wa ke duba halin da suke kwana ciki?

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Don Allah a ba ni ɗan fili in taɓo wata magana da na daɗe ina jiran in gani a jaridarku amma shiru. Duk sadda anka kawo labarin gabashin Sakkwato, Isa ne ko Sabon Birni ko Goronyo ko Rabah, lissafi biyu ake yi, mutum nawa 'yan bindiga sunka kashe, sannan 'yan bindiga nawa anka kashe. In na biyun ya yi yawa sai mu yi hamdala, ni ma ina yi wallahi, don wanda ya san abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 inda mutum sama da 40 sunka rasa rayukansu, ko matafiyan da anka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021, ba shi da hawayen da zai zubar ma ɗan ta'adda. Amma akwai mutum na ukku da ba ya shiga lissafin nan, shi ne wanda ya danna kunamar bindiga a madadinmu. Soja ne, ko ɗan sanda, ko ɗan banga, ko askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024, ko kuma talaka manomi da ya ɗauki bindigar toka ya tsaya bakin gari don kar a shigo a kwashe mashi mata da ɗiya. Wanga mutum in ya kashe, muna yi mashi kirari mu watse, babu mai tambaya tai yadda barcinshi yake.

Ni ɗan kemis gare ni a cikin gari, na daɗe a sana'ar, kuma irin mutanen nan wurinmu suke fara zuwa kafin su je ko'ina. Ba wanda zai shigo ya ce maka na kashe mutum abin na damuna. A'a. Cewa zai yi ba ni maganin barci mai ƙarfi, ko ya ce zuciyata na bugawa a auna min jini, ko ya ce olsa ce ta taso, ko taifod ɗin da ya sha ma magani ya ƙi tafiya. Akwai wani matashi da rikici ya koro daga ƙauyensu, yana kabu-kabu a nan, da ya riƙa zuwa yana neman ƙwayar barci ta baliyam, ina hana shi don ba maganin da ake ba mutum haka nan ba ne sai da takardar likita. Abin da na lura da shi, in ya zauna kan benci ba ya taɓa ba ƙofa baya, kuma ranar da salansar wani mashin ta yi ƙara a bakin titi sai da ya dira ƙasa ya dafe kai, gumi na zuba, mutane na kallonshi. Da shago ya yi sauƙi na ce ɗana zauna, mi ke damunka. Ya daɗe yana murza makullin mashin a hannu kafin ya ce, Baba, ni fa na harbi mutum. Dare ne anka shigo masu, shi yana laɓe bayan rumbu, sai ga ɗaya daga cikin maharan ya ɓullo kusa da shi har yana jin numfashinshi, ya saki wuta. Ya ce Baba wallahi ban ji ƙarar bindigar ba, ni dai na ga ya zauna kamar wanda ya gaji. Da gari ya waye anka haska fuskar sai ya ga yaro ne bai wuce sa'ar ƙanenshi ba, da takalmin roba ƙafa ɗaya ya cire. Mata na guɗa, dattawa na sa mashi albarka, shi ko ya zagaya bayan katanga yana ta amai. Tun ranar bai iya cin nama ba, kuma in ya ɗaga hannu zai yi kabbara fuskar yaron ce ke fara zuwa.

Yaron nan bai yi laifi ba, garinsu ya kare, ko a shari'a ko a dokar ƙasa wanda anka zo kashewa yana da haƙƙin ya kare kanshi. Shi ma ya san haka. Amma sanin bai sa ya yi barci ba, kuma nan ne mutanenmu ba su gane ba.

Abin da ke faruwa a jiki ba sihiri ba ne, likitoci sun yi bayaninshi. Idan mutum ya ga mutuwa ido da ido, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciyar da ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti in mutum na zaune lafiya sai ta haura nesa da haka, jini ya bar ciki da fata ya koma ga manyan tsokoki na ƙafa da hannu don gudu ko kokawa, shi ya sa baki ke bushewa, yatsu su kasa aikin da ke son natsuwa, mutum ya kasa ɗura harsashin da kullum yake ɗurawa ido rufe. Gani ya kan tsuke ya zama abin da ke gabanka kawai kake gani, kunne ya toshe kamar yadda yaron nan ya faɗa, wasu su ga kamar lokaci ya tsaya komai na tafiya sannu sannu, wasu kuma daga baya ko a tambaye su sau nawa sunka yi harbi ba su iya tunawa. Akwai wanda fitsari ko bayan gida ke kuɓuce ma a wurin, kuma wannan na faruwa ga sojojin da sunka sha horo ma, sai dai ba mai faɗi don kunya. In ƙura ta lafa sinadarin ya fara sauka, sai karkarwa ta zo, da tashin zuciya, da ƙishirwa, da ciwon kai, da wata irin gajiya da mutum zai ji kamar an zare mashi laka.

Akwai kuma wani abu da ba a son faɗi. Da yawa a daidai lokacin farin ciki suke ji, wani irin daɗi na cewa ni na rayu shi ya faɗi. Wannan ma aikin jiki ne. Amma bayan kwana biyu mutum sai ya tuna ya ji daɗi sadda rai ke fita, ya fara tambayar kanshi anya ni mutumin kirki ne kuwa, kuma wanga tunani ya fi mafarkin cin rai.

Mafi yawan mutane abin kan lafa masu cikin 'yan makonni in sun samu natsuwa da masu jan su a jiki. Amma in ya wuce wata ɗaya mutum na mugun mafarki, yana firgita da ƙaramin motsi, yana guje ma duk abin da zai tuna mashi, yana faɗa da iyali kan abin da bai kai ya kawo ba, to ya zama ciwo, shi ne likitocin ƙwaƙwalwa ke kira PTSD. Turawa ma ba da wuri sunka yarda da shi ba. A yaƙin duniya na farko sojojin Ingila da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 anka harbe bisa laifin gudu daga fagen daga ko ragwanci, da yawansu ana ganin wanga ciwo ne ya kama su, sai a 2006 gwamnatinsu ta yi masu afuwa bayan duk sun zama ƙasa. Sai a 1980, bayan sojojin Amurka sun dawo daga Biyetnam a rikice, sannan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta sa ciwon cikin kundinta. Kuma wani bincike da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Shira Maguen, da abokan aikinta sunka fitar a 2010 kan sojojin Amurka kusan 2,800 da sunka dawo daga Iraƙi ya nuna kashi 40 cikin ɗari sun ce sun kashe ko sun yi sanadin kisa, kuma su ne sunka fi fama da firgici da shan giya da fushi da rikicin gida, ko da an cire tasirin sauran wahalar yaƙin. Ma'ana kisan shi kanshi yana barin tabo daban da na tsoron a kashe ka.

To in wannan ne halin sojan da ke da albashi da asibiti da likitan da zai saurare shi, ina ga namu? Kuma namu ya fi muni ta wata fuska. Wanda ya saki bam daga jirgi bai ga fuskar kowa ba. Ɗan sa-kai kuwa da adda da gora da bindigar toka yake faɗa, sai ya matso kusa, yana ganin ido, yana jin abin da mutum ya faɗa na ƙarshe, jini na taɓa rigarshi. Sannan sau da yawa ya san wanda ya kashe, ko ya san ubanshi, tare sunka ci kasuwa, uwarshi ce ke kawo masu nono shekara da shekaru. Rikicin nan na maƙwabta ne, ba baƙi daga wata duniya ba, duk da na san akwai baƙin a ciki. Hatta ƙasashen da ke zartar da hukuncin kisa ta hanyar harbi, akwai inda ake sa ma ɗaya daga cikin masu harbin harsashin da ba ya kisa ba tare da an gaya masu ko wane ne ba, don kowa ya samu abin da zai riƙe ya ce wataƙila ba nawa ba ne. Hukuma ce ta yanke, alƙali ya sa hannu, amma duk da haka sun san ɗan Adam ba ya ɗaukar nauyin rai cikin sauƙi.

Mu musulmi ma bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. Kisan farko a bayan ƙasa, na ɗiyan Annabi Adamu, Suratul Ma'ida ta ba mu labarin yadda wanda ya kashe ɗan'uwanshi ya rasa yadda zai yi da gawar har sai da hankaka ya nuna mashi, kuma ya wayi gari cikin masu nadama. A Suratul Baƙara inda anka wajabta yaƙi, a ayar ne Allah Ya ce abin ƙi ne gare ku, kuma sahabbai ake gaya ma, mazajen da babu kamarsu. Ga ƙissar Usama ɗan Zaidu, Allah Ya ƙara mashi yarda, da ya soki wani a fagen yaƙi bayan mutumin ya yi kalmar shahada, yana ganin don tsoron makami ya faɗa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi ta maimaita mashi tambaya kan kisan har Usama ya ce ya yi burin da ma sai a ranar ya musulunta. Abin bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarshi, don lokacin da fitina ta tashi tsakanin musulmi janye jikinshi ya yi ya ƙi ɗaukar takobi. Wa zai ce Usama rago ne? To don mi yaronmu in ya ce ba ya barci sai mu ce mashi haba kai ko namiji ne, ko mu ce imaninshi ne ya yi rauni?

Ko kisan kuskure, dubi yadda Suratun Nisa'i ta yi da shi, diyya ga dangin mamaci, da 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Ni ba malami ba ne amma abin da na fahimta, addini bai ce ma mutum ai kuskure ne manta kawai ba, ya ba shi abin da zai yi da jikinshi da dukiyarshi har zuciya ta samu inda za ta sauke kayan. Ina tuna wannan duk sadda na ga direbobinmu na tasha da tsautsayi ya sa sunka take yaro a hanya, an yi sulhu, iyaye sun ce sun yafe, amma mutum ya kasa koma riƙe sitiyari, in ya zo daidai wurin sai ƙafarshi ta kama rawa. Su ma suna cikin maganar nan. Haka yaran da ke bin ihun ɓarawo ɓarawo su jefa dutse cikin taro, suna ganin ai mu da yawa ne, sai dare ya raba kowa ya koma shimfiɗarshi shi kaɗai da abin da ya gani. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, kuma ba ya ruɗewa don taro ya yi yawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba wanda ke kuka da amai ba ne, shi zuciyarshi na da rai. Wanda ya daina jin komai shi ne abin tsoro. Kisan farko ne ke da wuya, in anka yi na biyu da na ukku ba tare da kowa ya zaunar da mutum ba, jiki kan koyi kashe ji gaba ɗaya, kuma in ya kashe jin tausayin abokin gaba ba ya tsayawa nan, har na matarshi da ɗiyanshi yake haɗawa. Matan irin mutanen nan ku tambaye su, za su gaya maku maigida ya canza, ba ya wasa da yara, yana kwana da adda ƙarƙashin matashi, in an taɓa shi cikin barci sai ya shaƙe mutum kafin ya farka. Daga nan sai ƙwaya ta shigo, tiramol don a samu ƙarfin fita, wiwi da maganin barci don a samu runtsawa, kuma mu masu kemis mun san yadda ake matsa mana lamba kan kayan nan, wanda ya sayar don kuɗi Allah zai tambaye shi. Mutumin da ya kai nan in ka bar mashi bindiga, gobe ba sai an kawo hari zai yi harbi ba, zargi kaɗai ya isa. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa a Oktoban 2021, inda rahotanni sunka ce 'yan sa-kai sun kashe mutum 11, kwanaki kaɗan kafin na Goronyo. Ban ce ciwon ƙwaƙwalwa ne kaɗai ya jawo ba, akwai gaba da ramuwa da rashin hukunci, amma duk mai son ya gane yadda mai kare gari ke rikiɗewa ya zama abin tsoro ga garin, sai ya duba nan. Su kansu yaran da ke daji da yawansu tun suna ƙanana anka sa su kisan farko, anka ɗura masu ƙwaya, shi ya sa in ana maganar sulhu da tuba nake cewa karɓar bindiga kaɗai ba ta isa ba, kan da ya saba da jini fa, wa zai duba shi?

Kuma Sakkwato ba mu da uzuri, don asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na nan Kware kusa da mu, ga asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo a cikin gari. Matsalar ita ce sunan Kware kawai in ka ambata sai mutum ya ce kai mahaukaci ka mayar da ni, alhali mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma gida a ranar. Ciwon nan ana maganinshi, akwai zama da ƙwararre a yi ta warware abin daki daki har tunawa ta daina tayar da jiki, akwai magunguna in an buƙata, kuma su likitocin ba su son a dogara da irin su baliyam don ba ya warkar da shi, sabo kawai yake sawa. A Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, to amma doka a takarda ba ta zuwa garuruwan karkara irin su Gatawa ko Gandi da kanta, kuma likitocin fannin a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Don haka dole a koya ma ma'aikatan asibitocin karkara su gane alamun, in mutum ya zo da bugun zuciya da rashin barci an auna ba a ga komai ba, a tambaye shi abin da ya gani, kar a sake rubuta mashi maganin maleriya.

Roƙona ga gwamnatin jiha, duk wanda anka ba kaki da mashin anka tura daji, a sa mashi ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa cikin tsarin aikin, kowa da kowa, har kwamanda, don in kowa na zuwa babu wanda za a nuna da yatsa. A riƙa ba su hutu bayan artabu kafin a sake tura su. Sarakunanmu da hakimai su san wa da wa a garinsu ya taɓa kisa a wajen tsaron gari, ba don a tona mashi asiri ba, don a sa ido a kanshi da tausayi. Malamanmu kuma, Allah Ya ƙara maku lafiya, mutanen nan ku sunka fi yarda da ku fiye da kowa, in ɗayansu ya zo kar a tsaya ga rubutu da tofi a sallame shi, kar kuma a ce aljani ne ya shafe shi a daji. A saurare shi har ya gama, a gaya mashi hukuncin abin da ya yi tsakani da Allah, in kare kai ne a tabbatar mashi, in akwai ƙetare iyaka a nuna mashi ƙofar tuba da yadda ake sauke haƙƙi, sannan a ce mashi je ka ga likita, addu'a da magani ba su faɗa da juna. Iyali kuma in kun ji mutum ya fara cewa ya gaji da duniya ko gara ya bi wanda ya kashe, a raba shi da makami a ranar, a kai shi asibiti, kar a jira a ga abin da hali zai yi.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, ku tura wakilinku ya zauna da 'yan banga da matansu da sojojin da sunka yi ritaya, a ɓoye sunayensu da fuskokinsu, a bar su su faɗi abin da ke faruwa bayan an gama harbin, sannan a samu likita daga Kware ya yi bayani da Hausa a shafinku, a sa har da ranakun da ake ganin marasa lafiya da yadda mutum zai yi ya samu kati.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wanga bala'i, Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.

Naku,
Wani mai kemis, daga birnin Sakkwato.